Kangon Minster Lovell: Yadda Masana Ke Karanta Tarihin Gidan da Ya Rushe

Gabatarwa

A yammacin birnin Oksifod na ƙasar Ingila, tafiyar kimanin kilomita 24, akwai wani ƙauye mai suna Minster Lovell, a bakin wani ƙaramin kogi da ake kira Windrush. A ƙarshen ƙauyen, bayan wata tsohuwar majami'a, wani kango yana tsaye. Bangayensa na dutse ne, wasu sun kai tsayin bene mai hawa uku ko huɗu, amma babu rufi, babu ƙyaure, tagogi a wangale, ciyawa kuma ta rufe daɓen da manyan ƙasa suka taɓa takawa. Kusan shekaru 600 da suka wuce, nan ne gidan ɗaya daga cikin sarakunan gargajiya mafiya dukiya a Ingila, har sarkin ƙasar da kansa ya taɓa sauka a cikinsa.

Duk wanda ya ga kango irin wannan, tambayoyi biyu ne ke fara zo masa: wa ya gina shi, kuma me ya rushe shi? Masana tarihi da masana kufai suna da shaidu uku da suke yi wa waɗannan tambayoyi. Akwai dutsen ginin kansa, akwai takardun da mutanen da suka rubuta, akwai kuma labaran da ke yawo a bakin jama'a. Ba kullum ne bakin shaidun nan ke zuwa ɗaya ba. Wannan maƙala za ta bi tarihin gidan Minster Lovell daga gininsa zuwa rushewarsa, tare da nuna yadda ake auna maganar kowane shaida kafin a karɓe ta.

Mene ne gidan gandu?

Tsakanin ƙarni na 11 da na 15 na Miladiyya, yawancin ƙasar noma a Ingila an kasa ta ne gandu-gandu. Kowane gandu yana da ubangida, wanda ke riƙe da shi da sunan sarki ko da sunan wani babban basarake. Ubangidan yakan ware wani sashe na ƙasar don kansa, sauran kuma ya bar wa talakawa su noma, su biya shi da aikin wasu kwanaki a gonarsa, ko da amfanin gona, ko da kuɗi. Yana da kotun kansa wadda ke yanke hukunci kan rigimar iyakar gona da ɓarnar dabbobi, kuma galibi dole ne talaka ya kai hatsinsa injin niƙan ubangida mai aiki da ƙarfin ruwa, ya biya lada. Bayan annobar da ta afka wa Ingila a 1348 da 1349, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na jama'a, ma'aikata suka yi ƙaranci, sai biyan haya da kuɗi ya riƙa maye gurbin aikin dole sannu a hankali.

Gidan da ubangida ke zama a cikin gandunsa shi ne gidan gandu. Nan ake karɓar haya, nan ake zaman kotu, nan ake sauke baƙi. Ya bambanta da fadar yaƙi mai ganuwa da gwalalo, domin an gina shi ne don zama da nuna isa. Manyan tagogin Minster Lovell kaɗai sun isa su tabbatar da haka, don kuwa wanda ke tsammanin mahara ba ya buɗa bangonsa da faɗin taga.

Zuriyar Lovell da ginin gidan

Sunan ƙauyen ya fito a littafin ƙidayar ƙasa da dukiya wanda Sarki William Mai Nasara ya sa aka rubuta a 1086. A ƙarni na 12 gandun ya shiga hannun zuriyar Lovell, waɗanda asalinsu mutanen Nomandi ne ta arewacin Faransa, daga nan kuma ƙauyen ya ɗauki sunansu. Ma'anar sunan ita ce ɗan kyarkeci. Zuriyar ta yi ta bunƙasa ta hanyar hidimar sarakuna da auren 'ya'yan manyan gidaje masu gado, har gandayenta suka bazu a gundumomi da dama.

Wanda ya gina gidan da ake ganin kangonsa a yau shi ne William Lovell, mai riƙe da sarautar Baron, wato kwatankwacin babban hakimi. Ya yi yaƙi a Faransa a lokacin doguwar gwagwarmayar nan da ake kira Yaƙin Shekara Ɗari, wadda aka yi tsakanin 1337 da 1453. Ya auri Alice Deincourt, wadda ta gaji dukiyar manyan gidaje biyu, sai arzikinsa ya ƙara haɓaka. A shekarun 1430 ya rushe mafi yawan tsohon gidan kakanninsa, ya ɗora sabo a gurbinsa. An kuma sake gina majami'ar da ke jikin gidan a wannan ƙarni, kuma har yanzu akwai wani kabari a cikinta mai ɗauke da siffar jarumi cikin sulke, wadda aka sassaƙa da wani farin dutse mai laushi. Masana na ganin kabarin na William ne, wanda ya rasu a 1455, ko kuma na ɗansa John.

An jera ɗakunan gidan ne a gefe uku na wani fili mai kusurwa huɗu, gefe na huɗu kuma, wanda ke fuskantar kogi, aka ja masa katanga. Baƙo yakan biyo wata hanya da aka daɓe da duwatsu cikin tsari, ya shiga ta wani zaure mai rufin dutse, mai kama da abin da maginan Hausa ke kira ɗaurin guga, an yi masa adon furanni da ganyaye a mahaɗar bakunansa. Wannan zaure yana nan har yau. Daga shi sai babban ɗakin taro, wanda shi ne zuciyar gidan. A gefe ɗaya na ɗakin akwai ƙofofin da ke kaiwa ma'ajiyar abinci da madafa, a ɗaya gefen kuma dandamalin da maigida ke zama shi da manyan baƙinsa, bayansa kuwa turakar iyali.

Gidan yana ciyar da kansa. A kusa da kogi akwai tafkunan kiwon kifi, domin addinin mutanen lokacin ya hana su cin nama ranar Juma'a da kwanaki arba'in na azuminsu. Can gefe akwai wani zagayayyen ɗakin tattabaru mai ɗaruruwan ramuka a jikin bangonsa, wanda ke nan da rufinsa har yanzu. Tattabaru na ba da nama, kashinsu kuma taki ne mai ƙarfi. Ubangida ne ke da ikon gina irin wannan ɗaki, ko da yake tattabarun a gonakin talakawa suke kiwo.

Abin da bangaye ke faɗa

Mai karatu zai iya tambaya, ta yaya aka san duk wannan alhali rufi da katako da kayan ɗaki sun tafi? Amsar ita ce, duk abin da aka taɓa jinginawa ko aka soka a jikin bango yakan bar tabo. Jerin ramuka masu kusurwa huɗu a tsayi ɗaya suna nuna inda azarar bene ta shiga, ke nan a nan daɓen hawa na biyu yake. Idan aka ga murhu a maƙale can sama a jikin bango, babu abin takawa a gabansa, an san akwai ɗaki a wurin, kuma ɗakin mai daraja ne tun da har aka ba shi wutar kansa. Tabon da ya tashi kamar dala a jikin bango shi ne sawun rufin wani ɗaki da ya jingina da shi, har ana iya auna gangaren rufin daga wannan tabo.

Rashin abu ma shaida ne. Babban ɗakin taron Minster Lovell an riƙa ɗumama shi ne da wutar da ake hurawa a tsakiyar daɓe, hayaƙi ya tashi ya fita ta wata kafa a rufi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka ɗaga bangayensa sama ƙwarai, aka kuma sa tagoginsa can nesa da ƙasa.

Akwai kuma mahaɗar gini. Magini idan yana ɗora bango yakan sarƙa duwatsun, kowane dutse ya hau kan biyu na ƙasansa. In aka zo daga baya aka jingina sabon gini da tsoho, sai a ga tsaga miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa, ko a ga an farfasa tsohon bango don a shigar da sabon. Da irin wannan lura, tare da kwatanta salon tagogi da na wasu gine-ginen da aka san shekarunsu, masana suka gane cewa hasumiya mai hawa huɗu da ke kusurwar kudu maso yamma, a bakin kogi, ƙari ce da aka yi bayan ginin farko, cikin rabin ƙarshe na ƙarni na 15. Ana danganta ta da jikan William, wato Francis Lovell, mutumin da ya kai zuriyar ƙololuwar ɗaukaka, ya kuma zama na ƙarshe a cikinta da ya mallaki gidan.

Francis Lovell, aminin sarki

Dutse na iya nuna wane ɗaki aka fara ginawa, amma ba ya faɗin dalilin da ya sa masu gida suka rasa shi. Nan sai a koma ga takardu. Daga 1455 zuwa 1487 gidajen sarauta biyu, York da Lancaster, suka yi ta yaƙi kan gadon mulkin Ingila. A cikin wannan rikici aka haifi Francis, wajen 1456. Mahaifinsa ya rasu a 1465 yana yaro, sai aka danƙa riƙonsa ga Richard Neville, basaraken Warwick, wanda a gidansa ne ƙanin sarki, Richard na gidan York, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa. Francis ya zama na hannun daman wannan ɗan sarki. A watan Janairu na 1483 aka ɗaga shi zuwa sarautar Viscount, wadda ke sama da ta Baron. Da Richard ya hau gado a wannan shekara da laƙabin Richard na Uku, sai ya naɗa shi shugaban ma'aikatan gidan sarki, ya kuma sauka a Minster Lovell a rangadinsa na farko. Ikon Francis ya kai har wani mai adawa da sarki, William Collingbourne, ya yi masa zambo ya kwatanta shi da karen sarki, yana habaici da alamar gidansu. An kashe mutumin a 1484 bisa laifin cin amanar ƙasa.

Masu iya magana kan ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 1485 aka tura Francis ya tsare gaɓar teku ta kudu don hana Henry Tudor na ɓangaren Lancaster sauka, amma Henry ya zagaya ya sauka a Wales. Ranar 22 ga Agusta, 1485, aka gwabza a Bosworth, aka kashe Sarki Richard, Henry ya zama Henry na Bakwai. Majalisa ta ayyana Francis maci amana, aka ƙwace dukiyarsa baki ɗaya, aka ba da Minster Lovell ga Jasper Tudor, baffan sabon sarki.

Francis bai miƙa wuya ba. Ya fake a wani gidan ibada a Colchester, ya fito a 1486 ya tayar da bore a arewa, boren ya watse, ya tsere zuwa ƙetare. A 1487 ya dawo tare da rundunar da ke goyon bayan wani yaro ɗan kimanin shekara goma, Lambert Simnel, wanda aka ce ɗan sarauta ne na gidan York, har aka naɗa shi sarki a Dublin. A cikin rundunar akwai sojojin haya kusan 2,000 daga Jamus. Ranar 16 ga Yuni, 1487, dakarun Henry suka murƙushe su a Stoke, kusa da kogin Trent. Sarki ya yafe wa yaron, ya sa shi aiki a madafar fada. Francis kuwa ba a ga gawarsa a fagen fama ba. Wasu sun ce ya nutse yana ƙoƙarin haye kogin a kan doki. Amma a watan Yuni na 1488 Sarki James na Huɗu na Sikotland ya ba da takardar izinin shiga ƙasarsa mai ɗauke da sunan Francis. Daga nan takardun hukuma suka yi shiru a kan ainihin inda ya ƙare.

Ƙwarangwal a ɗakin ƙarƙashin ƙasa

Inda takarda ta yi shiru, baki yakan ɗauka. Tun a 1622 masanin nan Francis Bacon, a tarihin mulkin Henry na Bakwai da ya rubuta, ya ambaci wata jita-jita cewa Lovell ya daɗe a raye yana ɓoye cikin wani kogo ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Bayan fiye da shekara ɗari labarin ya sami gida. A 1737 William Cowper, magatakardan majalisar dokoki, ya rubuta wasiƙa yana cewa a 1728 ya ji basaraken Rutland yana ba da labari cewa a 1708, lokacin da ake gyaran bututun hayaƙi a Minster Lovell, magina sun faɗa kan wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. A ciki suka tarar da ƙwarangwal ɗin mutum kamar yana zaune a gaban tebur, ga littafi da takarda da alƙalami, ga kuma hula a gefe, duk sun ruɓe. Mutanen gidan suka yanke cewa Francis Lovell ne. Daga baya aka ƙara cewa wani amintaccen bara ne ke kulle shi yana kai masa abinci, da baran ya mutu ba zato, sai yunwa ta kashe ubangidan. Wata ruwayar ta ce yana sanye da tufafi na alfarma, kuma da iska ta shiga sai ya zama ƙura. Wata ma ta ƙara masa kare a ƙafafunsa.

Labarin yana da daɗin ji, amma ɗalibin kimiyya zai fara da duba isnadinsa. Tsakanin ɓatan Francis da ranar da aka ce an ga ƙwarangwal akwai shekaru 221. Tsakanin ganin da ba da labarin akwai shekaru 20, sannan wasu 9 kafin a rubuta, kuma marubucin ji ya yi, bai gani ba. Bugu da ƙari, jita-jitar ɗakin ɓoye ta riga tonon da shekaru 86, saboda haka duk wanda ya ga ƙashi a gidan ya riga ya san sunan da zai ba shi. Har ila yau, a 1487 gidan yana hannun baffan sarkin da ke farautar Francis, wanda hakan ya sa ya zama wuri mafi haɗari gare shi.

Sai kuma abin da ilimin jikin ɗan'adam ya sani. Jijiyoyi da tsoka ne ke riƙe ƙasusuwa da juna. Idan suka ruɓe, ƙasusuwan sai su zube su tarwatse, ƙwarangwal ba ya ci gaba da zama a kan kujera. Kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin ƙashi ma'adini ne na kalsiyam da fosfet, wanda ke jure zamani, musamman a ƙasa mai dutsen farar ƙasa irin ta wannan yanki, inda babu asid mai yawa. Tsohon tufafi na iya marmashewa in an taɓa shi, amma shigar iska kaɗai ba ta mai da ƙashi ƙura nan take. Wannan ƙarin na ƙura yana da wani amfani ga mai ba da labari, domin yana kawar da tambayar ina ƙasusuwan suke. Ba a ajiye ko ɗaya ba, ba a zana wurin ba, kuma a yau babu mai iya nuna ɗakin a cikin kangon. Mai yiwuwa ne magina sun ga wasu ƙasusuwa a 1708, amma babu hujjar da ta haɗa su da Francis.

Kangaye suna jawo tatsuniya kamar yadda zuma ke jawo ƙuda. Ana kuma danganta wa wannan gida labarin wata amarya da ta ɓuya cikin akwati ranar bikinta, murfin ya kulle, ba a gan ta ba sai bayan shekaru. Sai dai akwai wasu tsofaffin gidaje da dama a Ingila da kowannensu ke cewa a cikinsa abin ya faru.

Ƙasusuwan da aka adana

Abin da ya sami ubangidan Francis ya nuna bambancin jita-jita da bincike. Shi ma Sarki Richard kabarinsa ya ɓata, har ana cewa an jefa ƙasusuwansa a kogi. A watan Agusta na 2012 masana kufai na Jami'ar Lesta suka yi tono a wani wurin ajiye motoci a tsakiyar birnin, inda tsofaffin takardu da taswirori suka nuna akwai wani gidan ibada a da. Suka sami ƙwarangwal ɗin namiji ɗan shekara talatin da 'yan kai, mai karkataccen ƙashin baya, da raunuka 11 na makamai, 9 daga ciki a ƙoƙon kai. Richard ya mutu ne yana da shekara 32.

Ba su tsaya nan ba. Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in kabon mai suna kabon-14 daga abincinsa. In ya mutu sai ɗaukar ta tsaya, wanda ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa, rabinsa na ƙarewa a duk shekaru 5,730. Da aka auna ragowarsa a ƙashin, aka kuma yi gyara saboda mamacin ya ci kifin teku da yawa, sai lissafi ya nuna ya mutu tsakanin 1455 da 1540. Sannan aka ciro sinadarin gado na DNA, irin wanda ake gada daga uwa kaɗai, aka gwada da na mutum biyu masu rai da suka fito daga tsatson yayar sarkin ta ɓangaren mata, aka ga ya dace. Ranar 4 ga Fabrairu, 2013, jami'ar ta sanar da cewa Richard na Uku ne, aka sake binne shi a babbar majami'ar Lesta a watan Maris na 2015. Da magina na 1708 sun ajiye ko da haƙori ɗaya, da yau an yi masa irin wannan awo.

Wa ya rushe gidan?

Mai jin tarihin yaƙe-yaƙen nan zai ɗauka wuta ko igwa ce ta ci gidan. Hakan ta faru ga wani ginin zuriyar Lovell, wato fadar Wardour da kakan William ya gina a ƙarshen ƙarni na 14, wadda albarushi ya tarwatsa a yaƙin basasa na 1643 da 1644. Minster Lovell kuwa ya tsira daga duk wannan. Bayan ya daɗe a hannun masarauta da 'yan haya, babban lauyan nan Edward Coke ya saye shi a 1602. A 1729 wasu masu zane 'yan'uwan juna, Samuel da Nathaniel Buck, suka zana shi da rufinsa da tagoginsa cif, kuma wannan zane na cikin manyan hujjojin da ake dogara da su wajen sanin kamanninsa.

Mai gidan a lokacin shi ne Thomas Coke, wanda a 1728 aka ba shi sarauta mai ɗauke da sunan Lovell. Amma zuciyarsa tana Norfolk, can gabashin ƙasar, inda a 1734 ya fara gina wani katafaren gida na sabon yayi mai suna Holkham. Tsohon gida mai sanyi da hayaƙi, mai nisa, mai cin kuɗin gyara, ya zama masa kaya. Wajen 1747 aka rushe mafi yawan ɓangarorinsa don a yi amfani da duwatsun, abin da ya rage kuma manoma suka mai da shi rumbu da garke. Gidan da ya haye yaƙe-yaƙe biyu na basasa, lissafin riba da asara ne ya kayar da shi.

Yadda ruwa ke cin dutse

Daga ranar da aka cire rufi, sauran aikin na ruwan sama ne. An gina gidan da dutsen farar ƙasa na yankin, wanda sinadarinsa shi ne kalsiyam kabonet. Abin da ke riƙe duwatsun ma daga wannan dutse aka samo shi. Maginan da sukan gasa dutsen a zafin da ya kai kimanin digiri 900 na ma'aunin Salshiyos, su jiƙa shi da ruwa, su kwaɓa da yashi. Bayan an yi gini da kwaɓin, sai ya riƙa zuƙar iskar kabon-dayoksaid yana taurara, har ya koma kalsiyam kabonet kamar yadda ya faro.

Ruwan sama yana narkar da wannan iska tun a sararin sama, ya zama asid mai rauni, wanda ke lasar dutsen da kwaɓin a hankali. Bangon irin wannan gida fuska biyu ne na gyararren dutse, tsakiyarsu an cika da ɓaraguzai da kwaɓi. Muddin akwai rufi, tsakiyar a bushe take. In babu rufi, ruwa yakan shiga ta kan bango ya wanke kwaɓin ciki. Da hunturu ruwan da ya maƙale a tsaga yakan daskare, kuma ruwa idan ya zama ƙanƙara girmansa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari. Sai ya buɗa tsagar, ya narke, ya ƙara shiga ciki, ya sake daskarewa. Tsuntsaye da iska su kawo iri, saiwa ta bi tsagar tana kauri, har fuskar bango ta rabu da 'yar'uwarta ta zube.

A shekarun 1930 gwamnati ta karɓi kulawar kangon, a yau kuma yana hannun ƙungiyar English Heritage, ana shigarsa kyauta. Manufar masu kula da irin wannan wuri ita ce su tsayar da lalacewa ba tare da sun sake gina abin da ya tafi ba, domin sabon gini na iya shafe tabon da masana ke karantawa. Sukan toshe kan bango don hana ruwa shiga, su cike tsaga da kwaɓin farar ƙasa. An gano cewa siminti na yi wa tsohon gini illa, saboda ya fi dutsen tauri kuma yana tsare danshi a ciki, sai dutsen ya riƙa ɓarewa a kewayensa. Binciken da masana na Jami'ar Oksifod suka yi ya kuma nuna cewa shimfiɗa ƙasa da ciyawa a kan bangon kango na rage masa illar ruwa da sanyi.

Kammalawa

A ƙarshen ƙarnin da aka gina Minster Lovell, Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadarsa da ƙasa. Gidan Rumfa ya sha gyara da sauye-sauye, amma har yanzu fada ce, saboda ba a taɓa barin sa babu mai yaɓe da gyaran indararo ba. Gidan Lovell na dutse ne, amma ya zama kango cikin 'yan shekaru bayan mai shi ya juya masa baya. Ƙarfin kayan gini bai kai kulawar masu gida muhimmanci ba wajen tsawon ran gini.

Ga ɗalibai da malamai, darasi na biyu ya shafi hujja. Duk wanda ya ci karo da tsohon ƙashi, ko tukunya, ko tushen gini a gona ko wurin tono, abin da ya kamata shi ne ya bar shi a inda yake, ya rubuta ranar da wurin, ya zana ko ya ɗauki hoto, sannan ya sanar da gidan adana kayan tarihi ko sashen tarihi na jami'a mafi kusa. Kimiyyar da za ta iya sa abin ya yi magana wataƙila sai bayan ɗaruruwan shekaru za ta zo, kamar yadda ta zo wa Sarki Richard. Amma ba ta iya auna abin da aka zubar, shi ya sa har yau ba a san inda Francis Lovell ya kwanta ba.